Yadda Za Ku Kare Kajin Gida Daga Shirwa, Muzuru, Dila da Maciji

Tambayar yadda za a kare kaji daga dabbobin da ke cinye su ta yawaita daga masu kiwon kaji a cikin gida, musamman iyayenmu mata da matasan da suka fara da kaza biyu ko uku. Kaza ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma sha biyu, kafin wata ya zagayo saura huɗu. Ko a kwanta da kaji cif-cif, da asuba a tarar da gashi warwatse a bakin akurki. Hausawa na cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma ba a ce a bar wa muzurun ƙofa a buɗe ba.

A wuri biyu ake yin asarar da ta fi ciwo: da dare a inda kaji ke kwana, da kuma da rana a kan 'yan tsaki cikin makonninsu shida na farko. Don haka in kuɗinku kaɗan ne, ku fara da ɗan ƙaramin akurki mai ƙarfi, kada ku ƙarar da su a katon shinge mai rauni. Ga yadda za a bi aikin daki-daki.

1. Ku fara gano mai ɓarnar

Kada ku sayi ko ƙusa ɗaya sai kun san wanda ke shigo muku, domin abin da ke tare shirwa ba ya tare gafiya. Da magariba, bayan kaji sun shiga, ku barbaɗa toka ko yashi mai laushi kewaye da akurki, faɗin kamar taku biyu, ku share shi sumul. Da sassafe, kafin yara su tattaka, ku je ku karanta sawu. Sawun kare da na dila yana nuna farata a gaban yatsu. Na muzuru zagayayye ne, ba farce, don yana ɓoye faratansa in yana tafiya. Maciji yakan bar jan layi, guza kuwa layin jela a tsakiya da sawun ƙafafu gefe da gefe.

Irin ɓarnar ma tana magana:

Ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka, uwa ta yi ta kururuwa, ba jini ba gawa: shirwa ce ko shaho.

An ci naman an bar fukafukai da gashi a wani lungu ko kan katanga: muzuru.

Kaji da yawa sun mutu a dare ɗaya da cizo a kai ko a wuya, an fasa ƙwai an lashe: tunku ne ko ɗan'uwansa. Ƙaramar kafa ta ishe shi shiga.

An kashe kaji an watsar, an yayyaga ba a ci ba: kare, kuma sau da yawa na unguwa ne.

Kaza sukutum ta tafi, ga tono a gindin danga: dila, musamman ga waɗanda gidajensu ke bakin gari ko kusa da gonaki.

Ƙwai na raguwa ba ɓawo ko kaɗan: maciji. In kuwa ga ɓawo da huda a gefe, ku tuhumi hankaka.

'Yan tsaki na ɓacewa da dare, ko a same su an gaigaye, buhun dusa kuma ya huje: ɓera ko gafiya.

Manyan zakaru kaɗai ke ɓacewa, ba gashi ba sawu, kuma Sallah ta kusa: wannan mai ƙafa biyu ne, maganinsa kwaɗo.

A kula: in kaji na mutuwa ba rauni a jikinsu, suna gyangyaɗi, suna zawo kore, wuya na karkacewa, ba dabba ba ce. Alamar cutar Niyukasul ce, wadda ke yawan ɓarkewa da hunturu. Ku nemi ma'aikacin dabbobi don allurar riga-kafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin wannan rigakafi. Wayar shinge ba ta tare cuta.

2. Ku janye abin da ke gayyato su

Wannan mataki ba ya cin ko sisi, shi ya sa ake raina shi. Dusa da tsaki da aka bari a ƙasa da dare su ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke kiran maciji da muzuru. Ku ba kaji abin da za su cinye kafin faɗuwar rana, ku kwashe saura. Buhun abinci ya shiga durom ko babban bokiti mai murfi, ba ya kwana a ƙasa. Ku riƙa kwashe ƙwai kullum, safe da yamma.

Sai ku duba bayan akurki. Tulin itacen girki, tsofaffin bulo, karan dawa da aka jingine, fasassun tukwane, doguwar ciyawar damina, duk maɓoya ce. Ku matsar da su aƙalla taku goma. Reshen bishiya da ya sauko kan akurki ko kan danga a sare shi, don ta nan muzuru ke dirowa. Akurki kuma kada ya jingina da rumbu.

3. Wurin kwana

Ku sa akurki inda za ku ji motsin kaji daga ɗakin kwana, ba can ƙarshen gida bayan makewayi ba. Kaza ba ta gani sosai a duhu, in an shigo mata da dare ba ta da abin yi sai kuka, kukan nan kuwa ba shi da amfani in ba mai ji.

Akurki mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4 ya ishi kaji 6 zuwa 8 kwana. Hanya biyu ce. Ta farko, a yi na katako a ɗaga shi a kan ƙafafu huɗu, kimanin ƙafa 3 daga ƙasa. Ta biyu, a gina na bulo ko na laka a ƙasa, a yi masa daɓen siminti. Ni na fi son na sama ga wanda ke gidan haya ko wurin da ruwa ke kwanciya, don ana iya ɗauke shi, kuma ya raba ku da masu tono gaba ɗaya. Na bulo ya fi daɗewa, ya kuma fi wuyar fasawa ga ɓarawo.

In na sama za ku yi, ku gaya wa kafinta ya yi ginshiƙai da katako tu-bai-tiri, firam da tu-bai-tu, rufi da fallen kwano 3 ko 4. Tsohon kwano ma ya yi, muddin an toshe hudojin. A kowace ƙafa a kafa wani kwano da aka naɗe kamar mazurari, bakinsa na kallon ƙasa. Ɓera ko maciji in ya hau sai ya ci karo da shi ya kasa wucewa. Ku shafe gindin katakon da baƙin mai saboda gara. A ciki a gitta sanda ta hawa, kowace kaza ta sami kamar inci 8 zuwa 10.

Masu akurkin laka irin na gargajiya ba sai sun rushe ba. A yaɓe duk tsagar da ke jiki, a daɓe ƙasan da siminti, a fasa taga a sama a sa mata waya, a yi ƙofa ta gaske maimakon dutse ko guntun faranti da ake karawa a baki. Dutsen nan kare na ture shi da hanci.

Gargaɗi: kada tsoron muzuru ya sa ku toshe akurki ruf. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram zafin bazara yana haura digiri 40, kwano kuma yana ƙara shi. Kajin da aka kulle ba iska za su mutu da kansu tun kafin wata dabba ta zo. Ku bar manyan tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a rufe su da waya, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon. Da hunturu a rataya buhu a ɓangaren da iska ke kaɗawa, a bar ɗayan.

4. Zaɓen waya

A nan mutane da yawa ke zubar da kuɗinsu. Wayar da aka fi sani da wayar kaji, siririyar nan mai ido kamar saƙar zuma, an yi ta ne don ta hana kaji fita. Ba ta hana dabba shiga. Kare na yaga ta da haƙori, tunku da ɓera da maciji na bi ta idonta, muzuru kuma na zira hannu ya jawo ɗan tsakon da ya kwanta a jikinta.

Wadda za ku nema ita ce mai ido murabba'i, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai rufin da ke hana tsatsa. Idon ya zama rabin inci. Don kejin 'yan tsaki, in kun sami mai kwatan inci ta fi. In kun je kasuwar 'yan kayan gini, ku gwada da hannu: ku danna ta da babban yatsa, in ta lotsa cikin sauƙi ku bar ta. Ta fi wayar kaji tsada sosai, ita ce ma za ta ci kaso mafi girma bayan katako, amma ba a saye sau biyu.

Wajen kafawa, kada a dogara da lanƙwasassun ƙusoshi jefi-jefi. A ja wayar ta miƙe, a ɗora siririn katako a kan bakinta, a buga ƙusa ta ratsa katakon da wayar duk bayan inci 4 zuwa 6. Inda waya biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar inci 3, a ɗinke da wayar ɗauri. Bayan an gama, ku zagaya da kanku. Duk kafar da babban yatsanku ya shige, a toshe. Ku fi mai da hankali ga tsakanin kwano da bango, inda tudun kwano ke barin ƙananan ƙofofi. Nan ne aka fi mantawa, nan ne kuma hanyar maciji. Siminti ko guntun waya da aka cusa ya isa.

5. Masu tono

In akurkinku ko shingenku a ƙasa yake ba daɓe, wannan mataki wajibi ne. Dila da kare da gafiya ba sa wahalar da kansu da hawa in ƙasa na da laushi.

Ko dai ku haƙa rami mai zurfin ƙafa 1 kewaye, ku saukar da waya ko jerin bulo a ciki ku mayar da ƙasa, ko ku yi abin da ya fi sauƙi: ku shimfiɗa waya mai faɗin ƙafa 2 a kwance a ƙasa ta waje, ku ɗaure bakinta da gindin bango, ku danne da duwatsu, ku rufe da ƙasa kamar inci 2. Masu kiwon kaji a Amurka, inda wani ɗan'uwan dila da ake kira koyoti ke addabarsu, da wannan dabara suke aiki. Dalilin da ya sa take ci shi ne dabba takan fara tono ne dab da gindin bango. In ta ci karo da waya sai ta matsa gefe ta sake gwadawa, ba ta tunanin ja da baya ƙafa biyu.

Lissafin: akurki mai ƙafa 6 da 4 kewayensa ƙafa 20 ne, a ƙara ƙafa 8 don kusurwa huɗu, ya zama 28. In wayar mai faɗin ƙafa 4 ce, ku sayi yadi 5 ku raba ta biyu a tsaye, ta isa. Farashi yana sauyawa tsakanin gari da gari, don haka ku riƙe adadin yadi a hannu ku tambayi shago biyu ko uku. In kuɗi bai kai ba, fasassun bulo da tsohon kwano da aka binne a tsaye sun fi babu.

A kula: wayar da ke cikin ƙasa tana tsatsa da sauri. Ku tone gefe ɗaya ku duba kafin kowace damina.

6. Ƙofa, da sabar da kaji shiga

Ƙofa ta zauna daram cikin firam ɗinta, kada a bar rata a ƙasa. A sa sakata ta ƙarfe, biyu ma in ƙofar doguwa ce, sama da ƙasa, don kare na iya jan kusurwar da ba a kulle ba. Lanƙwasasshiyar ƙusa ko igiya ba sakata ba ce. A ƙara kwaɗo.

Kajin da suka saba kwana kan bishiya ko katanga ba za su shiga sabon akurki don kun gina shi ba. Ku kama su da dare lokacin da suke a natse, ku sa su ciki, ku bar su a kulle da abinci da ruwa kwana 3 zuwa 7. Bayan an sake su, ku riƙa watsa ɗan hatsi a bakin akurki da la'asar sakaliya, da kira iri ɗaya kullum. Cikin 'yan kwanaki za su riƙa zuwa da kansu.

Sannan a ɗora wa mutum ɗaya takamaimai alhakin rufewa. In aka ce kowa ya rufe, ranar da aka yi baƙi ko aka tafi biki ba wanda zai tuna. Lokacin rufewa kafin sallar magariba, a ƙirga kaji. Lokacin buɗewa bayan gari ya waye tangaran, ba da kiran assalatu ba, domin dila na yawo ne da duku-duku da kuma goshin magariba.

7. 'Yan tsaki

Uwa na iya faɗa da hankaka, amma shirwa ta fi ta sauri, kuma ba za ta iya kare goma sha biyu a fili ba. Daga ranar ƙyanƙyasa, wato bayan kwana 21 na kwanci, ku tsare uwa da 'ya'yanta har makonni 4 zuwa 6. Babban kwando mai matsattsiyar saƙa da aka kife ya yi, a ɗora dutse a kai. Wanda ya fi shi keji ne marar gindi, ƙafa 4 da 3, tsayin ƙafa 2, waya a gefe da sama, rabin saman a rufe da kwano ko buhu don inuwa. Kullum a matsar da shi sabon wuri mai tsafta. Da dare a ɗauke su gaba ɗaya a kai cikin akurki, a wani sashe da aka keɓe.

Tun da an hana su kiwo, abincinsu ya dawo wuyanku, kuma dusa zalla ba ta raya ɗan tsako. In da hali a sayi abincin 'yan tsaki na kanti. In babu, a haɗa tsakin masara ko gero da garin soyayyen waken soya ko ƙuli-ƙuli marar gishiri, a ƙara musu gara da yankakken ganyen zogale. Ruwa a faffaɗan murfi marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. 'Yan tsaki da yawa a kwanon ruwa suke nutsewa a ɗora wa ɓera laifi.

Wasu na shafa wa 'yan tsaki shuɗi ko jan launi don shirwa ta kasa gane su. Yana ɗan taimakawa, musamman ga farare, amma launin na gushewa da zarar sabon gashi ya fito, don haka kada ya maye gurbin keji. In lokacin saki ya yi, ku fara da sa'a ɗaya ko biyu lokacin da mutane ke tsakar gida.

8. Wurin kiwo da rana

Kajin Hausa suna da wayo da gudu, suna kuma iya tashi. Noiler, wato wani irin kaji na zamani, da kajin gidan gona sun fi nauyi, ba su san tsoro ba, su ne abin tausayi in an sake su. Waɗannan su suka fi bukatar shinge. Tsayinsa ya kai ƙafa 6. A nan wayar kaji za ta yi a ɓangaren sama, in dai ƙafa 2 na ƙasa an sa mai ƙarfi. Dangar kara tana tare ido ne kawai.

Don masu kawo hari ta sama, a shimfiɗa tsohuwar ragar kamun kifi a kan shingen, ko a gitta igiyoyi kusa da kusa. Shirwa ba ta son faɗawa inda fukafukanta za su sarƙe. Tsohon gidan sauro da ya gama aiki ma yana yi na ɗan lokaci kafin rana ta cinye shi. Don Allah ba sabon da aka raba a asibiti don yara ba.

Masu sakin kaji a tsakar gida su yi musu maɓoya: gajeriyar rumfa da ba ta wuce gwiwa ba, a wuri biyu ko uku, yadda duk inda kaza take za ta kai da gudu kaɗan. Wannan ya fi muhimmanci bayan kaka, lokacin da aka share gonaki fili ya zama fayau. Zakara ɗaya mai lura yana da amfani, don shi ke fara ganin inuwar shaho ya yi gargaɗi. Zabi sun fi shi hayaniya. Abubuwa masu ƙyalli da mutum-mutumi kuwa, tsuntsaye na sabawa da su cikin ɗan lokaci in ba ana sauya musu wuri ba.

9. Kwarkwasa da maciji

Kwarkwasa ba ruwanta da waya, kuma a dare ɗaya takan gama da 'yan tsaki da kazar da ke kwanci. Da damina ku zagaye akurki da layin busasshiyar toka mai kauri, ku sabunta bayan kowane ruwa. Akurkin da aka ɗaga sama kuwa, a tsayar da kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai, a rufe shi yadda kaji ba za su kai baki ba. In ta riga ta shiga, a fara kwashe kajin, sannan a zuba toka mai zafi ko tafasasshen ruwa a kan hanyarta.

Game da maciji, doka ɗaya: ba a zira hannu cikin akurki ko gurbin ƙwai a duhu. A haska da tocila tukuna, kuma ba aikin ƙananan yara ba ne. Gamsheƙa tana son ƙwai da 'yan tsaki, tana kuma tofa dafi a ido daga nesa. In hakan ta faru, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a ci gaba da wankewa, a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya inda ake da allurar dafin maciji. Mutanen Gombe da kewaye sun san asibitin saran maciji na Kaltungo. Kowa ya binciki mafi kusa da shi tun kafin bukata ta taso.

10. In an riga an yi ɓarna

Dabbar da ta ci sau ɗaya za ta dawo, galibi a daren da ke biye. Ku tsare sauran kajin na 'yan kwanaki, ku nemo ainihin inda aka shiga ku gyara a ranar, ku sake barbaɗa toka don ku tabbatar. Kazar da ta ji rauni a ware ta, don 'yan'uwanta za su yi ta tsattsagar ciwon. A wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri a shafa aidin. Wadda dabba ta kashe mushe ce, sai fa in an same ta da rai an yanka, kamar yadda aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta bayyana. Wadda maciji ya sara kada a ci. A binne gawa da zurfi, nesa da akurki.

Gargaɗi: kada ku sa guba a nama ko ƙwai don dila ko muzuru. Maganin ƙwarin nan Sniper da ire-irensa ba sa zaɓe. Karen maƙwabci, kyanwar gida, ungulu, kajinku, har yaro mai rarrafe duk suna iya kaiwa gare shi. Tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta taƙaita sayar da shi saboda haɗarinsa. Don ɓera a yi amfani da tarko, a sa shi cikin akwati mai ƙaramar ƙofa da kaji ba za su shiga ba. In kare ko dila ya ciji mutum wajen kora, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a je asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. In kuwa karen maƙwabci ne mai ɓarnar, ku same shi da shaida cikin mutunci, in ta ƙi ku kai wa mai unguwa.

Daga nan sai duba na mako-mako: ku zagaya akurki da rana, ku ja waya da hannu a kowace kusurwa, ku girgiza ƙofa, ku leƙa ƙasa ko akwai sabon rami, ku ƙwanƙwasa gindin katako ko gara ta ci. Ƙusar da ta saki a buga ta a take.